Filin da Baba ke bari a gefen takarda

Jiya a Achida na ji ƙarar tafireta, sai marigayi Baba mai buga takardun kotu ya faɗo mini a rai. Shi ya buga mini takardar ɗaukaka ƙara da aka ƙwace gonarmu ta albasa a Wurno. Wa'adi saura kwana biyu, hankalina a tashe, shi kuwa yana ɗinke shafuka da koren zare a natse, rumfar tana ƙamshin tawada da turarensa.

Na ce, "Baba, don mi ka bar gefe fili haka?"

Ya ce, "Nan alƙali za shi rubuta. In ka cika takarda da maganarka, ina za shi sa tashi?"

Gonar ta dawo. Allah Ya yalwata makwancinsa fiye da gefen takardunsa.