Malam Sabi'u da Hauwa Biyu

Ina cikin adaidaita a Gyadi-Gyadi da hantsi ƙanin Malam Sabi'u ya kira ni: Malam ya cika, jana'iza bayan Azahar a Unguwar Gano. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban yi jami'a ba, a waya na koyi rubuta manhaja. Malam ne ya ja ni a jiki, muka riƙe rumbun bayanan marasa lafiya na wani ƙaramin asibiti a Tarauni. Bakina ba shi da linzami. In na fara zagin kwamfuta sai ya ce, "Nura, gama faɗan, sannan ka karanta abin da ta ce."

Akwai lokacin da neman sunan majiyyaci ya yi nauyi, mata na layi, nas ta zuba wa allo ido. Maganin shi ne indeks, wato fihirisar da ke kai ka ga suna kai tsaye. Manhajar da ke gina mana teburorin ajiye bayanai ta ƙi kafa shi, don tsarin ya ce suna ɗaya da waya ɗaya ba za su zo sau biyu ba, ga shi kuwa sun zo. Na ce, "Malam, shirmen masu shigarwa ne. Mu share na biyu mu huta."

Ya buɗe layi biyu: Hauwa Musa, Hauwa Musa. Ya kira lambar. Maigidan ya ce, "Wace Hauwar? Inna ko takwararta?" Kaka mai ciwon suga, jika ta zo goyon ciki, dukansu da sunansa da wayarsa aka yi musu kati. Da na share, da tarihin maganin ɗaya ya ɓace, ko ya hau kan ɗayar. Bai zage ni ba. Gara ma ya zage ni. Cewa ya yi, "Wanda ya zana tsarin nan bai taɓa zuwa suna a Kano ba." Ya hana manhajar taɓa teburin, ya rubuta indeks ɗin da hannu, suna ya maimaitu son ransa, lambar kati ta bambance mutane.

Ranar sadakar uku, a kan tabarmar makoki, manajan asibitin ya raɗa mini cewa ƙwararren da zai kawo ya ce aikin hannun nan na Malam ƙauyanci ne, a bar manhaja ta tsabtace komai. Ko ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Na ce, "Alhaji, ranar da aka ba mai ciki maganin kakarta, kai za ka yi wa mijinta bayani." Ya tashi ba sallama. Wataƙila aikina ya tashi tare da shi. Amma muddin ina kan kujerar nan, ba a share mutum.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Ya ba matarsa Hajiya Binta haƙuri, Ya raya marayunsa. Ni kuma Ya ba ni ko rabin sanyin bakinsa, don ranar Litinin ni kaɗai zan shiga ofishin nan. Amin.