Dattijon Da Ya Ƙi Ajiye Jakarsa

Duk tsufan da zan yi, ba zan manta da wata ranar Asabar a gidan kallona na Jimeta ba. Lokacin tashin bama-bamai ne, kowa na kallon kowa da wutsiyar ido. Mun kafa doka, ba mai shiga da jaka.

A makon nan ina haska wani fim na tarihi, labarin mutanen da ƙasarsu ta tura su farautar waɗanda suka kashe mata 'ya'ya, ɗaya bayan ɗaya. Janaretana kuwa ɗan rainin hankali ne, da an kusa ƙarshe sai ya yi zafi ya mutu.

Sai ga wani dattijo baƙo, rungume da jakar leda. Aka ce ya ajiye, ya ƙi, ya tsaya daga bakin taga yana leƙe. Washegari ya dawo, ya kuma dawowa, ba ya ko amsa gaisuwa. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Me zai sa dattijo ya nace wa fim ɗin da ake dasa bam a ƙarƙashin gado?

Ran Asabar da la'asar injin ya sake mutuwa, samari suka yi wa dattijon zobe, wani har ya ɗauki katako.

"Bappa, buɗe jakar nan tun da arziki," na ce.

Ya buɗe. Takalmi ne ƙafa ɗaya, gefensa a ƙone.

"Na yarona ne, shi kawai na samu a kasuwa bayan bam ya tashi da shi," in ji shi. "Daga Ngurore nake zuwa. 'Yan uwa sun ce gobe mu ƙona gidan wani da suke zargi. Aka ce mini fim ɗin nan na masu ramuwa ne. Ina so na ga ko sun samu barci daga baya."

Kunya ta rufe kowa. Mai katakon nan shi ya yi ta yi wa injin fifita har ya tashi. Muka zaunar da dattijon a gaba. A ƙarshen fim ɗin jagoran ramuwar ya koma gida a firgice, ko ƙofa aka taɓa sai ya zabura.

Dattijon ya ɗaure jakarsa. "Na gani. Gobe gona zan je."

Na yi hawaye, ba na ɓoyewa. Tun ranar na gane zargi ba hujja ba ne. Saura kaɗan mu kashe mutumin da ya zo neman dalilin ƙin kashe wani.