Hannayen Modu Reluwe

A duk ƙauyukan da ke kewaye da Takieta, mutum ɗaya ne ya taɓa aikin jirgin ƙasa, shi ne Modu. Ƙasar Damagaram ba ta da layin dogo, ba ta taɓa samu ba. Shi kuwa tun yana saurayi ya bi motar gyaɗa ya tsallaka iyaka, ya yi shekara goma sha ɗaya a tashar Nguru, da fari dako, daga baya haɗa taragu. Ran wata Laraba ya sa hannun hagu tsakanin ƙarafa biyu, kan jirgi ya ja da baya. Bai ji zafi ba, in ji shi, ƙara kawai ya ji kamar an taka busasshen kara. Ya dawo gida da dungu, da laƙabin Modu Reluwe, da bakin da ba ya gajiya.

Mutumin ya iya labari, wannan ba a hana shi. Yadda jirgin Kano ke shigowa ƙasa na rawa, yadda mai tuta ke tsai da wannan uban ƙarfe da ɗan jan ƙyalle. Amma shekara talatin ana abu ɗaya, ko zuma ce ta gundura. Har ta kai in ya gyara murya a fada, sai kowa ya tuna yana da aiki. Wannan ya fi dungun yi masa ciwo.

Bayan girbin wata shekara, wasu ma'aikata suka zo a farar mota, suka kakkafa turakun siminti masu jan fenti, suka tafi ba su ce wa kowa uffan ba. Rediyo kuwa ta daɗe tana cewa jirgi na nan tafe. Mai gari da kansa ya aika a kira Modu.

Modu ya bi turakun ɗaya bayan ɗaya. Ya ga sun hau tudun duwatsu, sun karya kwana kamar gwiwar hannu, sannan suka ratsa fakon gidansu. Nan take ya gane. Jirgi ba ya hawa irin wannan tudu, ba ya kuma juyawa kamar jaki. Amma da ya waiwaya, ga magidanta arba'in sun yi tsit, bakinsa suke jira. Sai ya buga ƙafa a kan fakon.

"Nan tasha za ta zauna," in ji shi.

Kaico, tsoho da son a saurare shi.

Fakon nan gado ne tsakaninsa da wansa marigayi, ba a taɓa raba shi ba, don ko akuya ba ta kiwo a wurin. Amma filin tasha kuɗi ne. Kafin Juma'a, Yakuba ɗan Modu ya kewaye shi da ƙaya. Abdulaziz, ɗan marigayin, mai kabu-kabu da babur a Zinder, ya ji labari, ya zo da ƙartin birni huɗu masu ɗaga ƙarfe. Suka fasa wa Yakuba kai da sarƙar babur. Abokan Yakuba suka ƙone babur ɗin Abdulaziz. Aka mayar da martani kan rumbun hatsin Modu, geron shekara ya tashi a hayaƙi. Jandarmomi suka kwashi kowa, suka sake su bayan kwana uku, kowa ya koma ya wasa addarsa.

Kaltuma, matar Modu, ta tare shi a zaure. "Malam, na san fuskarka. Ka san abin da ka sani. Fita ka faɗa musu."

"Sai su ce shekara talatin ƙarya nake yi."

"To zaɓi, bakinka ko ɗanka."

Bai zaɓa ba. Ya ce sai gobe, gobe ta zo ya ce sai jibi. Ranar kasuwa da hantsi aka ce masa an sake haɗuwa a fako. Ya sheƙa babu takalmi. Ya tarar an kai Yakuba ƙasa, jini na bin kunnensa, Abdulaziz tsaye a kansa da adda.

"Babu jirgi," in ji Modu yana haki. "Wallahi babu tasha. Ƙarya na yi."

Abdulaziz ya yi dariyar ƙeta. "Yanzu kuma, Baffa? Don in tafi in bar wa ɗanka wurin?"

Ya ɗaga addar, ya sauke da dukkan ƙarfinsa. Modu ba shi da abin tarewa sai hannun nan ɗaya, shi ya miƙa. Yatsu huɗu suka zube a kan fakon, kusa da turke mai jan fenti. Abdulaziz ya yar da addar, ya durƙusa yana kiran sunan ubansa.

Wata biyu Modu ya yi a babbar likita, wato asibitin Zinder. Yakuba ya rayu, kunne ɗaya ya toshe. Abdulaziz yana gidan kaso. Gab da damina ma'aikatan suka dawo, suka haƙa rami iya gwiwa, suka shimfiɗa wayar sadarwa, suka binne, suka wuce gaba.

Yanzu Kaltuma ce ke ba shi tuwo a baki, ita ke zuba masa ruwan alwala. Baƙi in sun gan shi a ƙofar gida sukan tambaya, mutanen gari su ce ai jirgi ne ya cinye masa hannaye. Labari guda ke nan da Modu ke katsewa.

"Ɗaya jirgi ya ci," yakan ce. "Ɗayan bakina ne."