Shirun da Inna Ta Bari a Kaset

Funtua

Ƙarfe biyar da rabi na asubar wata Asabar a 2004 na fito daga gida, da kaset ɗin Inna a jakata. Ƙanena Nura ne sanadin tafiyar, mai karatun zamantakewa a jami'a a Samaru. Wani ɗan unguwarmu ya zo hutu ya fesa wa Inna wai Nura ya ce mutane ne suka ƙirƙiro Allah. Kwana huɗu ba ta ci tuwo ba. Da yake ba ta rubutu, sai ta yi yadda ta saba: ta shige ɗaki da rediyo ta ɗauki muryarta.

"Ki sa masa, ki dawo min da amsa. In gaskiya ne, kar ya tako min gida da sallah." Tana faɗa idonta na kawo ruwa.

Bas ba ta cika ba sai bakwai saura. A shingen Giwa ɗan sanda ya ce me ke cikin jakata, na ce faɗan uwa. Ya ce, "Wuce, Hajiya, wannan ya fi ƙarfina."

Samaru

Takwas da kwata na sauka. Ɗakin Nura kuwa, kaico! Littafi har kan risho. Abokin zamansa Bulus na tarar yana jiƙa gari.

"Yaya, ai yana Dogarawa gun mamana. Tsofaffi yake bi da 'yar rikoda yana tambayarsu, aikin makaranta ne."

Ya rako ni. Muka shiga bas zuwa PZ, muka hau acaɓa, ina salati har muka isa.

Dogarawa

Mama Saraya, mahaifiyar Bulus, tsohuwar malamar firamare ce, a coci kuma ita ke jan waƙa. Kafin in gama gaisuwa ta dire min fate mai zafi. Ga ja'irin nan a kan tabarma, ya rame kamar tsinken tsire, rikoda a gabansa. Na yi niyyar cin mutuncinsa, amma ina ganinsa tausayi ya kama ni.

"Kai, da gaske ka faɗa?"

"Yaya, abin da muke karantawa na faɗa. Wasu masana sun ce mutanen farko tsoron tsawa da mutuwa ne ya tara su wuri ɗaya, daga taruwar nan tunanin Ubangiji ya samo asali. Ni kaina har yanzu tambaya nake."

"Sannu, shehun malami! To ga uwarka, ka yi mata bayani."

Mama ta ɗauko rediyonta na sa kaset. Muka zauna jiran faɗa. Ina! Inna ta tambayi lafiyarsa, ta ce akuyarsa ta haihu, sai ta shiga sa albarka yadda take mana kowace safiya in mun durƙusa gaishe ta. "Allah ya yi maka albarka." Sai shiru, kaset na ta juyi. Ashe wurin amin ta bar masa.

Nura ya sunkuyar da kai. Mama ce ta cike wurin: "Amin." Na biyun ni na amsa. A addu'a ta uku Inna ta ce, "Allah ya sa in gan ka kafin in mutu." Shirun ya yi tsawo. Ni da Mama muka kame bakinmu.

"Amin, Inna," in ji Nura.

Mama ta ce, "Ɗana, wata guda kana tambayata inda aka samo tunanin Ubangiji. Ni ban san na mutanen farko ba. Na dai san ba a barin mai addu'a shi kaɗai."

Rikodarsa ashe tana kunne tun shigowata. Na zare kaset ɗin da ke cikinta na jefa a jaka. A ɗakin Mama na kwana, da safe ta shimfiɗa min sabon zane na yi salla.

Gida

Sha ɗaya na Lahadi na iso Funtua lafiya, godiya ga Allah, sannan ga Bulus da Mama Saraya. Inna ta sa kaset. Bayanin tsawa da masana ya wuce, ko gezau. Da aka zo amin na farko ta ce, "Wace ce wannan?" Na faɗa mata. Ta ce, "Allah ya saka mata."

Na ukun sai da ta mayar sau huɗu. Sannan ta share fuska da bakin zane.

"Tashi ki ɗumama min tuwon nan. Kuma a aika masa, akuyar tasa ba ni zan yi ta kiwo ba, ya zo da sallah ya gani."