Munsharin Baba da Agogon Hannu

Mahaifina yana da shagon turare da tasbaha a unguwar Jarwal, nan ƙasa mai tsarki. Bayan Azahar yakan dawo gida unguwar Utaibiyya, ya ci shinkafa, ya miƙe a ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Munsharinsa kuwa, maƙwabcinmu na sama ya taɓa saukowa yana tambaya ko injin ruwa ne ya lalace.

Da na fara aiki, na saya masa agogon nan mai nuna bugun zuciya. Wata rana ni da Umma muna tsinke mulukiyya, wato ganyen lalo, kusa da shi, sai munsharin ya ɗauke ɗif. Ƙirjinsa na ta kokawa, amma iska ba ta shiga. Na leƙa agogon, lamba tana sauka. Can sai ya ja wani gurnani irin na raƙumi, lambar ta yi tsalle sama.

"Umma, zo ki gani!"

"Jawazat ne," in ji ta, ko kai ba ta ɗago ba. Jami'an duba takardu take nufi. "Shekarun da ya yi ba iƙama, ba takardar zama, su ne suke dawo masa a mafarki. In lambar ta sauka, ya laɓe a bayan ƙofa. In ta hau, sun hango shi, ya zura da gudu."

Kafin La'asar sun kore shi ya fi a ƙirga. Da ya farka na ce, "Baba, wa ya biyo ka?"

"Ni? Wallahi ko barci ban yi ba. Ido kawai na rufe."

Da ƙyar muka kai shi asibiti. Bayan gwaji likita ya ce maƙogwaronsa ne yake rufewa. Numfashi ya tsaya, zuciya ta rage gudu, sai jiki ya firgita ya tashe shi, ita kuma ta zabura. Ya ce abin yana gajiyar da zuciya, ba na wasa ba ne. Umma ta ce, "To, ai abin da na faɗa ke nan."

Aka ba shi na'ura mai hura iska, da abin rufe hanci da dogon tiyo. Ranar farko mai kawo gas ya buga ƙofa, Baba ya zare tiyon daga jikin na'urar, ya je ya buɗe da shi yana reto a fuska. Mutumin ya ajiye tulun, ya ce "A'uzu billahi," ya sauka bene uku bai waiwayo ba.