Tattakin Da Na Sa Gwaggona Ranar Sallah

Edita, shekarata arba'in da ɗoriya lokacin da wannan abu ya faru. Ɗan Fagge ne ni, asalinmu Barebari, ina sayar da atamfa a kasuwar Kwari da ke Kano. Ba abin da nake taƙama da shi a lokacin kamar ƙafata. Daga gida in tafi Bata, in zarce Singa, in dawo, ban san hawa adaidaita ba.

Shekarar da Allah ya kira ni aikin hajji, tare muka tafi da gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Tana da ciwon suga. Kafin mu tashi na je Sabon Gari wurin wani ɗan ƙabilar Ibo mai kemis, wanda ya daɗe yana sayar mata da magani. Ya ja ni gefe ya ce masu irin ciwonta sau da yawa ba sa jin rauni a ƙafa, don haka in riƙa duba ƙafarta kullum, kada kuma in bari ta yi doguwar tafiya. Na ce masa to, a raina kuwa ina cewa shi me ya sani game da hajji.

Ranar Sallah, da muka idar da asuba a Muzdalifa, hanya ta cushe da motoci. Na ce mu taka zuwa Mina. Kafin mu gama jifa rana ta take. Malamin ayarinmu ya ce tsofaffi su koma tanti su huta, ɗawafi ba guduwa zai yi ba. Ni kuwa na ƙudurta a ranar zan kammala komai, don in buga waya Kano in ba da labari. Gwaggo ta ce ko za mu ɗan zauna. Sai na tuna mata kakanmu da ya tako daga Barno har Makka a ƙasa. Ta dube ni, ta ce, "To, mu je, ɗan nan."

Muka kama hanyar Makka a ƙasa, muka yi ta tafiya cikin zafi da turmutsutsu, tana riƙe da gefen haramina, ba ta ƙara cewa uffan ba. Na ɗauka ƙarfi ne, ashe kawaici ne. Muna hango hasumiyoyin masallaci ta zauna a bakin titi. Wata Hajiya da ban sani ba ce ta nuna mini ƙafarta. Igiyar silifas ta yanka tsakanin yatsunta, jini har ya bushe. Gwaggo ta ce wallahi ba ta ji komai ba sai gajiya.

Aka kai ta asibiti. Ni na yi mata sauran jifa, a keken marasa lafiya kuma na tura ta ta yi ɗawafi. Da muka dawo Kano ciwon ya ƙi warkewa, sai da aka yanke mata yatsu biyu. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ce aikin suga ne. Da na ga ba za ta taɓa faɗa ba, ni na tara 'yan'uwa na gaya musu gaskiya da bakina, na nemi gafararta a gabansu. Ta ce ta yafe tun a can.

Yau na san abin da ban sani ba: son a yabe ni ne ya ja ni ranar, ba ibada ba. Don haka duk mai raka tsoho ƙasa mai tsarki, ya auna tafiyar da ƙafar tsohon, ba da tasa ba. Iyayenmu ba sa cewa sun gaji sau biyu. In sun faɗa sau ɗaya, a nemi inuwa a zauna.