Kawu Attahiru Mai Ɗanɗana wa Shanu Ruwa

Kawu Attahiru, yayan mahaifiyata, makiyayi ne a wajen Takanamat. Tun yana saurayi yake da ɗabi'a guda: shanunsa ba sa kai baki ga ruwa sai ya kamfata da hannu ya kurɓa tukuna. Da harshensa yake gane ruwan da kanwa ta yi wa yawa, da wanda mushe ya faɗa ciki. Mutane suna masa dariya, shi kuwa ko a jikinsa.

Bana da kaka, ban daɗe da gama karatun ilimin halittu na dawo Tawa ba, ya kira ni a waya yana raha.

"Latifa, marina sun ƙauro tabkinmu! Bakin ruwan ya yi shuɗi kamar an zuba baba."

"Kawu, ka sha?"

"Mi za ya hana? Bai yi mini ba, na kore shanu."

Na san wannan shuɗin, don a kan ƙananan halittun nan masu mayar da ruwa kore na yi aikina na ƙarshe a jami'a. A cikin kowace ƙwayar halittar akwai wasu sanduna masu launin shuɗi da ido ba ya gani, jere kamar mafici, suna kama hasken rana suna miƙa shi daga baki zuwa tsakiya. In ƙwayoyin suka mutu suka fashe, launin sandunan ne ke tsiyayowa. Launin ba ya cutarwa, amma wasu irinsu suna sakin dafi tare da shi, dafin da ke cin hanta.

Na shiga motar kasuwa ina share hawaye. Na tarar da shi a gindin aduwa yana amai, matarsa Inna Salamatu tana riƙe da buta tana faɗa.

"Tsoho da kai, ka mai da kanka saniya!"

"Saniya ai ta fi ni daraja a gidan ga," in ji shi.

Muka kawo shi asibiti a Tawa, aka ɗebi jini. Na zauna a benci ina jira. Da sakamako ya fito, likita ya ce hantar lafiya lau take, abin da ya sha bai kai ya yi ɓarna ba. Nan na durƙusa a ƙasa ina hamdala.

Da ƙafarsa ya koma gida. Yanzu yana can yana ja wa shanu guga a rijiya maimakon kai su tabki, yana ƙorafin ciwon baya, yana kuma tashi da tuwo kwano guda shi kaɗai.